Tun kafin in ɗaga ƙafa nake fara haki: ciwo ne ko tsoro?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi mazaunin Mabera a cikin garin Sakkwato. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita:

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 23, kuma burina in shiga aikin soja. Mako uku ke nan da na fara fita gudu bayan sallar asuba tare da abokaina, mukan nufi wajen filin wasa na Giginya mu dawo. Abin da ke damuna numfashi ne. Tun muna tsaye ana shirin tashi, ban ko ɗaga ƙafa ba, sai in ji numfashina ya ƙaru, zuciya tana dukan uku-uku. Da mun fara kuwa, mintunan farko ji nake kamar an shaƙe ni, sai can in na daure ya ɗan lafa. Abokaina sun ce tsoro ne da ragwanci. Ɗaya ya ce in rufe baki in riƙa shaƙa ta hanci kawai, in kuma riƙa riƙe numfashi don huhuna ya buɗe. Wani ya miƙo min ƙwaya, ya ce in na sha ba zan ji komai ba. Ban karɓa ba, amma abin yana raina. Inna kuma ta ce in bari gaba ɗaya, domin ƙanenta ya yanke jiki ya faɗi ya rasu bai kai arba'in ba, aka ce zuciya ce. Wani lokaci bayan mun tsaya nakan yi ta tari, musamman ranar da hazo ya sauka. Malam, ciwo gare ni ko kuwa matsoraci ne ni? In haƙura da burin nan?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan kawunka, ya kuma saka maka da alheri da ka ƙi karɓar ƙwayar nan.

Kwantar da hankalinka. Hakin da kake yi kafin a tashi, da sarƙewar mintunan farko, aikin lafiyayyen jiki ne, kuma babu ɗaya daga cikin masu yi maka dariya da ba ya yin irinsa, ko ya lura ko bai lura ba. Abubuwa biyu ne a wasiƙarka suke buƙatar likita: labarin kawunka da tarin nan. Zan zo kansu. Amma ina so ka fara sanin wane ne ke jan ragamar numfashinka, domin wanda ya san wannan ba a ruɗa shi da shawarar bakin titi.

Huhu ba ya motsa kansa. Tsoka ce ke buɗe shi: wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, tare da ƙananan tsokoki da ke tsakanin haƙarƙari. Su ma ba sa motsi sai da umarni, kuma umarnin daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, can wajen ƙeya inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Akwai wani gungu na ƙwayoyin jijiya a wurin da aikinsu ke nan dare da rana, kana barci kana farke: su aika saƙo ta laka, saƙon ya bi wata jijiya da ta fito daga wuya ta gangara cikin ƙirji, tsokar ta ja, iska ta shiga. Babban mutum in yana zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace shaƙa kusan rabin lita, wato wajen lita 6 zuwa 10 na iska a minti. A gudu mai tsanani matashi lafiyayye yakan wuce lita 100 a minti, yana numfashi sau 40 ko 50. Ka ga tazarar da jiki zai cike, kuma cikin ƙanƙanen lokaci.

In kana zaune, babban abin da wannan cibiya take sa wa ido shi ne gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, wato kabon dayoksaid. Tun 1905 wasu masana biyu a Ingila, Haldane da Priestley, suka nuna cewa da ta ɗan ƙaru a jini kaɗan sai numfashi ya ƙaru sosai. Gwada riƙe numfashinka yanzu: abin da zai tilasta ka saki, taruwar wannan iskar ce, tun oksijin bai kai ga yin ƙaranci ba. Saboda haka sai mutum ya zaci a gudu ma haka abin yake, tsoka ta ƙona abinci, gurɓatacciyar iska ta taru, ƙwaƙwalwa ta ji, ta ƙara numfashi. Da aka auna jinin masu motsa jiki matsakaici sai aka tarar iskar nan ba ta taru ba, tana nan kusan yadda take a zaune, oksijin ma haka, alhali numfashi ya ninka sau da yawa. Ashe jiki ba ya jira ɓarna ta auku kafin ya tashi gyara.

A nan ne amsar tambayarka ta farko take. A 1913 wasu masana a ƙasar Denmak, August Krogh da Johannes Lindhard, suka ɗora mutane a kan keken motsa jiki suna auna numfashinsu. Suka ga numfashi yana ƙaruwa nan take da an fara taka keken, tun kafin jinin da ya fito daga ƙafa ya samu lokacin isa ko'ina da wani labari. Bayaninsu shi ne: ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ba ƙafa umarnin motsi, a daidai wannan lokacin yana aika wa cibiyar numfashi da ta zuciya nasu umarnin. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan. A 1972 an yi wani gwaji inda aka sa mutane su riƙe nauyi iri ɗaya da hannu, amma aka yi dabarar da za ta sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa aikin wani lokaci, wani lokaci kuma ta tsananta mata. Nauyin bai canza ba, amma numfashi da bugun zuciya sun bi yawan ƙoƙarin da ƙwaƙwalwa ta yi.

In ka taɓa tsayawa a Maƙera Assada ka kalli aiki, za ka gane abin da nake nufi. Yaron da ya ƙware a zuga ba ya jira wuta ta yi sanyi sannan ya kama zugazugi. Da ya ga maigidansa ya miƙa hannu ga ƙarfe ya fara. Ƙwaƙwalwarka ta koyi cewa in an taru an ɗaura takalmi, gudu ne zai biyo baya, sai ta fara shiri: ta ƙara numfashi, ta sa a saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara sauri. Zakarun gudu na duniya haka suke ji a bakin layi. Tabbas fargaba tana ƙara abin, kuma wanda aka yi mako uku ana kiransa rago dole ya zo fili da fargaba. Amma asalinsa shiri ne, kuma ina so ka riƙa karɓarsa a haka. In ka ji ya yi yawa har yatsunka ko leɓenka sun fara tsira-tsira, kanka ya yi sakayau, to ka fitar da gurɓatacciyar iskar fiye da kima ne. Ja numfashi a hankali, ka tsawaita fitarwa, zai wuce.

Da ka fara motsi sai wata hanya ta biyu ta buɗe. A cikin tsokoki da gaɓoɓi akwai siraran jijiyoyi masu kai rahoto sama: wasu suna jin motsi da matsi, wasu suna jin sinadaran da aiki ke tarawa. Rahotonsu yana bi ta laka zuwa cibiyar numfashi. A 2010 masu bincike a Amurka suka yi wa 'yan sa-kai allura a gadon baya wadda ta dusashe wannan rahoto daga ƙafafu ba tare da ta rage musu ƙarfi ba, suka sa su tuƙa keke. Numfashinsu ya gaza kaiwa yadda ya saba, gurɓatacciyar iska ta ƙaru a jikinsu. Wato umarni daga sama da rahoto daga ƙasa, tare suke aiki.

To me ya sa mintunan farko suka fi wuya? Domin numfashi hawa-hawa yake tashi. Akwai tsallen farko na 'yan daƙiƙu, wanda jijiya ce kawai ke yinsa. Daga nan sai ya riƙa hauhawa a hankali, kuma a gudu matsakaici yakan ɗauki kamar minti 3 kafin numfashi da zuciya da hanyoyin jini su daidaita da abin da tsoka ke nema. A wannan tsakanin tsoka tana aiki ne da ɗan ajiyar da take da shi, tana kuma ƙona sukari ba tare da isasshen oksijin ba. Wanda ya tashi daga tsaye ya zuba a guje, ya faɗaɗa wannan giɓi da hannunsa. Na san yadda samari ke yi in sun fita rukuni: kowa so yake a ga shi ne gaba tun daga bakin layi. Wanda ya yi wata shida yana fita zai iya ɗauka, kai da ka yi mako uku ba za ka iya ba tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Lafawar da kake ji "can in ka daure" ita ce lokacin da jikin ya kamo. Maganin abin mai sauƙi ne: ka riga su fitowa, ka yi minti 10 kana tafiya da sauri sannan sassarfa a hankali, har gumi ya ɗan tsatso. In an tashi kuma, bar su su wuce, ka fara ƙasa da ƙarfinka. Da yawa za ka tarar da su a gaba.

Akwai kuma wani mataki da in ka haura shi numfashi yake ƙwace maka. Idan gudu ya tsananta, asid yana taruwa a jini. A gefen wuyanka biyu, inda babbar jijiyar jini mai zuwa kai ta rabu, akwai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, masu ɗanɗana jini suna kai wa ƙwaƙwalwa labari. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Corneille Heymans, ya samu kyautar Nobel ta 1938 saboda gano rawar da suke takawa a numfashi. Da sun ji asid ya ƙaru sai su matsa wa cibiyar lamba, numfashi ya tashi fiye da yadda gudun ya ƙaru, domin fitar da kabon dayoksaid yana rage asid ɗin. Zafin jiki ma yana ƙara ingiza shi, abin da duk wanda ya taɓa gudu a Sakkwato tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya sani a jikinsa. Ba ka buƙatar na'ura don gane wannan iyaka. In kana gudu kana iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda cikakkiya, kana ƙasa da ita. In sai kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa, ka haura. Mafi yawan gudunka a watannin farko ya kasance a inda kake iya magana.

Yanzu shawarar abokinka ta rufe baki da riƙe numfashi. Na yarda da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ka ajiye ta. Hanci yana da amfani ƙwarai: yana tace ƙura, yana ɗumama iska, yana jiƙa ta. A tafiya da sassarfa mai sauƙi shaƙa ta hanci abu ne mai kyau, balle a hunturu. Sai dai ƙofarsa ƙarama ce. Yawancin mutane da buƙatarsu ta kai wajen lita 35 zuwa 40 a minti bakinsu ke buɗewa da kansa, kuma daidai ke nan. Wanda ke neman lita 80 ya ce sai ta hanci, wahalar da kansa kawai yake yi. Riƙe numfashi a cikin gudu kuwa ya fi muni, domin kana tara abin da jiki ke fafutukar fitarwa, ƙarshenta jiri ko faɗuwa. Kuma huhu ba ya ƙara girma don an riƙe numfashi. Gudun ma kansa ba ya ƙara masa wani girman kirki, kuma a lafiyayyen matashi ba huhu ne ke fara gazawa ba. Abin da atisaye ke canzawa shi ne zuciya da tsoka: zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, tsoka ta ƙara ƙananan hanyoyin jini da ƙarfin amfani da oksijin. Sai ya zama a gudun da ke sa ka haki yau, asid ba ya taruwa kamar da, rahoton da ke fitowa daga ƙafa ya yi sauƙi, ƙwaƙwalwa ma ba ta buƙatar matsawa sosai. Numfashi sai ya sauka da kansa. Wannan yana ɗaukar kamar mako 6 zuwa 8 kafin ka ji bambanci a fili, in kana fita sau uku ko huɗu a mako kana barin ranakun hutu a tsakani. Gauraya gudu da tafiya a farko, misali minti 2 gudu minti 1 tafiya, kana ƙara tsawon gudun mako bayan mako.

Maganar ƙwaya ita ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarka, musamman da ka ce abin yana ranka. Ba ka faɗi sunanta ba, amma wadda aka fi miƙa wa samari da sunan ƙarin ƙarfi ita ce tiramol. Dangin su kodin ce, kuma wannan dangi suna aiki ne a daidai wurin da muke magana a kai: suna dusashe cibiyar numfashi, su rage mata jin gurɓatacciyar iska. Abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce ba za ka ji komai ba, kuma haɗarin ke nan. Haki da gajiya da zafin tsoka su ne hanyar da jiki ke ce maka sassauta. Ƙwayar ba ta ƙara wa jininka oksijin ko ɗigo, ba ta rage asid, ba ta sanyaya jiki. Saƙon kawai take toshewa, kai kuma ka ci gaba da gudu a cikin zafi har ka wuce inda ya kamata ka tsaya. Ga shi tana jawo farfaɗiya, musamman mai ƙarfin miligiram 200 ko 225 da ake sayarwa a ɓoye, alhali 50 da 100 hukuma ta amince da su, su ma sai da takardar likita. In aka haɗa ta da kodin ko maganin barci, numfashi na iya tsayawa mutum yana kwance. Samari nawa muka gani a unguwanninmu da suka fara da "don in iya aiki" suka ƙare ba sa iya tashi daga shimfiɗa sai da ita? Kada ka kusance ta ko sau ɗaya, ƙanena. Wanda ya miƙo maka ita shi ma abin tausayi ne, in kana da hanyar yi masa nasiha ka yi.

Sai Inna. Kada ka ɗauki maganarta a matsayin tsoron tsofaffi. Ta binne ƙanenta, kuma abin da ta faɗa yana da tushe a likitance: akwai cututtukan zuciya da ake gado, wasu a tsokar zuciyar wasu a tsarin bugunta, waɗanda ba sa nuna alama sai an matsa wa jiki. Mutuwar fuju'a ta ɗan uwa na jini yana ƙasa da shekara 40 tana cikin tambayoyin da likita ke yi kafin ya ba ɗan wasa izini. Wannan ba ya nufin kana da ciwon, kuma abin da ka bayyana bai yi kama da shi ba. Amma ya isa dalilin da za ka dakatar da gudu mai tsanani, ka tsaya a tafiya da sauri, har a duba ka. Je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ka faɗi labarin kawunka tun a farkon bayani, da shekarunsa da abin da yake yi lokacin da ya faɗi, gwargwadon abin da Inna ta sani. Za a auna hawan jini, a saurari ƙirjinka, a yi gwajin bugun zuciya na ECG, in likita ya ga dalili ya ƙara da hoton zuciya. In da hali ka tafi da Inna, ko da wani babba da ta yarda da shi, ta ji daga bakin likita. Albarkarta kake nema a wannan tafiya, kuma takardar asibiti za ta fi duk wani musu da za ka yi da ita tasiri.

Tunda ka je, nemi a duba yawan jininka. Ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ke yawan jawowa a wajenmu, yana sa haki da wuri ko da huhu da zuciya lafiya lau suke. Ka kuma san rukuninka na sikila, AA ne kai ko AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma suna rayuwarsu lafiya, cikinsu har da manyan 'yan wasa. Sai dai wani bincike a kan kuratan sojan Amurka da aka wallafa a 1987 ya nuna masu AS sun fi fuskantar haɗarin faɗuwa a horo mai tsanani, kuma zafi da ƙishirwa suna ƙara haɗarin. Mai niyyar zuwa Daffo a Zariya, inda ake horar da kuratan soja, ya kamata ya san matsayinsa, ya saba wa jikinsa a hankali, ya kuma riƙe shan ruwa da muhimmanci.

Tarin da kake yi bayan an tsaya, shi ma ka ambata masa. Iskar hunturu busasshiya ce mai sanyi da ƙura, kuma in tana shiga da yawa ta baki tana busar da hanyoyin iska. A wasu mutane hanyoyin sukan tsuke, abin ya fi tsanani minti 5 zuwa 15 bayan an gama gudu: tari, ƙirji ya ɗaure, wani lokaci numfashi yana fito. Wani nau'i ne na asma da motsa jiki ke tayarwa, ana gane shi ta hanyar sa ka hura wata na'ura kafin gudu da bayansa, kuma akwai maganin shaƙa da ake amfani da shi kafin a fita. Kada ka saya da kanka a kemis, bari a tabbatar tukuna. Kafin nan, ranar da hazo ya rufe gari ka rage gudun ko ka ɗaga shi, ka guji bakin manyan tituna masu hayaƙin mota, ka rufe hanci da baki da ƙyalle mara kauri lokacin ɗumama jiki. In kana taɓa sigari ko shisha, ka san suna cikin abin.

Ko bayan likita ya sallame ka, akwai alamun da in ka ji su a cikin gudu za ka tsaya nan take, ko wa ke kallo: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri kamar za ka suma, bugun zuciya da ya rikice yana tsalle-tsalle, ƙafafu su mutu su ƙi ɗaukarka, ko hakin da ya ƙi sauka bayan ka huta minti 10. Wanda ya suma yana tsakiyar gudu, asibiti ake kai shi a ranar, ba a yayyafa masa ruwa a ce ya tashi a ci gaba. Ka gaya wa abokan fitarka wannan, domin wata rana ɗayanku ne zai tsaya a kan wani.

Kada ka haƙura da burinka a kan abin da ka rubuto min. Je a duba ka a wannan makon, in sakamako ya fito ka sake rubuto min da abin da likita ya ce, mu tsara yadda za ka raba makonnin da suka rage kafin tantancewar shiga soja. Ka gaishe min da Inna. Allah ya ba da sa'a.